Amsa ga ɗalibin lantarki mai son aikin tauraron ɗan adam

Ƙanena, na ga tambayarka: kana aji uku a injiniyan lantarki, ranka na kan harkar sararin samaniya, har kana tunanin sauya kwas ka koma na ƙera jirage da roka. Kada ka sauya. Na daɗe ina aikin gwajin ƙananan taurarin ɗan adam, kuma galibin abokan aikina lantarki suka karanta, ko kanikanci, ko kwamfuta. In ka buɗe cikin tauraron, batir za ka gani, da waya, da rediyo, da 'yar kwamfuta, sai farantan sola a jikinsa. Abin da ya raba shi da sauran na'urori shi ne in ya tashi ya tashi ke nan, babu mai bin sa da sukundireba.

Shi ya sa gwaji ke cinye mana lokaci. Ana ɗaure tauraron a kan tebur mai jijjiga don a kwaikwayi tashin roka, ƙara kamar injin niƙa. In an kashe, sai mu bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, muna duba layin fentin da muka ja a kan kowace, ko ya goce. Daga nan a sa shi a tukunyar ƙarfe, a zuƙe iska, a gasa shi, a daskarar da shi, kwana da kwanaki muna karɓa-karɓa a gaban allo. Dalili kuwa, tauraron da ke kusa da duniya yana zagaye ta cikin minti 90 ko makamancin haka, yana fita rana yana faɗawa inuwa, batir na cika yana zubewa. Ka tuna NigComSat-1, tauraron sadarwar Najeriya da aka harba daga Chaina a 2007: matsalar farantan sola ce ta kashe shi a 2008, sai a 2011 aka harba madadinsa. To ka ga mai ilimin wuta ba ɗan rakiya ba ne a wannan aiki.

Batun da ka ambata na neman aiki a NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da SpaceX, kamfanin roka na can, gwamma ka ji gaskiya tun yanzu. Dokar Amurka kan fasahar roka tsattsaura ce, kusan duk guraben nan na 'yan ƙasa ne ko masu takardar zaman dindindin. Hukumar sararin samaniyar Turai ma 'yan ƙasashenta take ɗauka. Ƙofofin da na ga mutanenmu sun bi su ne NASRDA, hukumar sararin samaniyar Najeriya da ke Abuja, wadda aka kafa a 1999, da NIGCOMSAT, kamfanin tauraron sadarwa na gwamnati, da cibiyar horo da ke jami'ar Ile-Ife, sai digiri na biyu a waje. Injiniyoyinmu ne suka haɗa tauraron NigeriaSat-X a kamfanin Surrey na Ingila, aka harba shi a 2011. A 2017 kuma jami'ar fasaha ta Akure, tare da jami'ar Kyutech ta Japan, ta samar da tauraron NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai santimita 10 a kowane gefe. Kyutech ɗin tana da tallafin karatu tare da Majalisar Ɗinkin Duniya don 'yan ƙasashe irin namu, ka riƙa leƙa shafinsu. Aikin gwamnati dai ka san halinsa, sai da haƙuri, wani lokacin kayan aiki ma jira ake.

Kafin nan, ga abin da zan so ka yi a hutun nan. Nemi 'yar rediyon RTL-SDR, wadda ake jonawa a kwamfuta, ba ta fi filash girma ba, ka lanƙwasa eriya da wayar tagulla, ka kama siginar tauraron yanayi na Rasha, Meteor-M, a wajen megahaz 137, siginar da kwamfuta za ta mayar maka hoton gajimare. Karon farko shuuu kawai za ka ji, ka gyara tsawon eriyar ka sake. Ka koyi yarukan rubuta manhaja, C da Python, sosai, hannunka kuma ya saba da dalma. Ka rubuta a littafi duk abin da ya ƙi aiki da yadda ka gano dalilinsa, domin a intabiyu wannan littafin nake fara tambaya kafin sakamakon jarrabawa. In ka samu hoton farko ka turo mana nan, mu ga ko gajimaren garinku ya fito.