Su waye waɗannan tsofaffin sojojin ruwan da ake ɗauka hoto?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah na ga hotunan wasu tsofaffin sojojin ruwa a Facebook, kowa da lambar yabo a ƙirji, wai sun halarci gwajin bam ɗin nukiliya. To meye amfanin ɗaukarsu hoto yanzu bayan sun tsufa tukuf? Daga ɗalibarka a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ai mutanen nan sun ga tashin hankali. A 1946 Amurka ta tara sojoji kusan 42,000, yawanci na ruwa, a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik ta tayar da bam biyu, ɗaya ma a ƙarƙashin ruwa, sannan aka tura samarin su goge jiragen da gurɓataccen ruwan ya watsa wa, wasu ko riga babu. Ingila ma ta yi nata gwajin a tsibirin Kirsimeti da ke tekun Pasifik a 1957 da 1958, cewa kawai akai wa sojojinta su juya baya su rufe ido da hannu, da yawansu sun ce sai da suka ga ƙasusuwan yatsunsu saboda tsananin haske.

Kuma kin san abin haushin? Na Amurka rantsar da su akai kar su faɗa wa kowa, har likita, sai 1996 aka ɗage haramcin. Ingila kuwa sai 2022 ta yarda ta ba nata sojojin lambar yabo, lokacin da yawa sun riga mu gidan gaskiya, wasu da ciwon daji.

Shi yasa masu hoto ke bin su gida gida, a zaunar da dattijo a falonsa yana riƙe da hotonsa na samartaka cikin kaki, a ɗauka a kuma naɗi muryarsa. Ni dai a ganina diyya da magani sun fi hoto, amma jikokinsu na buƙatar shaida, ga shi ƙaramin cikin sojojin yanzu ya haura shekara tamanin.