Kan yaran shagon walda da ke yawan jin ciwo

Malam ka ce yaranka suna ta ƙonewa da ciwon ido, ya za ka yi. Gaskiya tambayar ta taɓa ni, don ƙanena a walda yake nan Maradi.

Ka fara da ido. Baƙin gilashin moto bai isa ya tare hasken walda ba, shi ya sa yaro zai kwana yana kuka kamar an zuba mishi rairayi a ido, ka sayo musu maski na walda na ainihi, har wanda ke riƙe ƙarfe ma ya sa. A hana silifa da rigar nailan, narkewa take ta manne a fata, su sa kayan auduga da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe.

Abin da ya fi ba ni tsoro tankin esansi ko duro ne, ko babu komai a ciki tururin yana nan, tartsatsi ɗaya ya fashe. Don Allah kar ka bar yaro ya taɓa shi shi kaɗai.

Wayar kuran da ta kware a canza ta, ba a ɗaure da leda ba. Ka aje ruwan sha saboda zafin Afrilu, in wuta ta tashi lambar pompiye ('yan kashe gobara) 18 ce. Ka leƙa CNSS, asusun kula da ma'aikata, ka rubuta yaran, suna ɗaukar hatsarin aiki.