An fasa gidanka a Sakkwato kana Jidda: a rufe shi yau, tikiti ya jira

Wani ɗan'uwa Basakkwace da ke tuƙi a wani kamfani a Jidda ya aiko da tambaya. Ya ce da gumin shekarun da ya yi a can ya gina gida mai ɗaki huɗu a Arkilla, bai kai ga tarewa ba, iyalinsa suna gidan mahaifinsa a cikin gari. Iskar farkon damina ta fizge tagogi biyu na baya, ta farfasa gilas. Kafin labari ya iso masa ɓarayi sun bi ta nan, sun ɓalle ƙofar kicin, sun zare wayoyin wuta, sun ɗauke batiran sola. Ƙanensa ya ce a aiko kuɗi a sake tagogi da ƙofa sababbi, kawunsa kuma ya ce kada a taɓa komai sai mai gida ya zo ya gani da idonsa. Ya rufe da cewa: "Mi ya kamata in yi? In nemi hutu in taho gida?"

Malam, sannu da wannan rashi. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya tsare gaba.

Kada ka taho yanzu. Kafin ka samu hutu, ka fitar da bizar fita da dawowa, ka sayi tikiti, ka sauka Kano ko Abuja sannan ka kamo hanyar Sakkwato, gidan ya kwana a buɗe sau da yawa. Wanda ya shiga jiya ya ga abin da ya rage, ya san ba kowa a ciki, kuma ya san ta inda ya bi. Shi nake jin tsoro, shi da ruwan sama da zai riƙa zuba ta tagar nan. Ƙanenka da kawunka kowa da gaskiyarsa, sai dai duk shawarar biyu tana cin kwanaki: mai alminiyam sai ya zo ya auna, ya yanka, ya haɗa, jiran ka kuma ya fi haka tsawo. Tsakaninsu akwai aikin yini ɗaya, wato a toshe duk wata kafa ta wucin gadi kafin magariba. Gyara na ainihi ya biyo baya a tsanake.

Ka ɗora aikin a kan mutum ɗaya, ka faɗa wa kowa sunansa. Idan ka ce "ku duba mini gidan" a zauren WhatsApp na dangi, kowa zai ɗauka wani ya tafi. Ƙanenka ya fi dacewa tunda shi ke da ƙafar zirga-zirga, amma ka fara kiran Kawu, ka gaishe shi, ka ce masa ka ji shawararsa, kuma saboda ita ne za a ɗauki hoton komai kafin a taɓa, don ka gani yadda ya so. Ka roƙe shi ya sa ido a kan aikin. Dattijon da aka ba girmansa ba zai zama cikas ba. Ka tuna agogon Saudiyya yana gaba da na gida da awa biyu, idan ka tashi aiki da yamma rana tana nan a Sakkwato, amma kafinta da mai walda da safe ake kama su.

Kafin a share ko gilas ɗaya, ƙanenka ya zagaya da waya ya ɗauki bidiyo: taga daga waje da ciki, inda aka sa ƙarfe aka ɓanɓare ƙofa, ramukan da aka zare waya, wurin da batira suke. Daga nan ya je ofishin 'yan sanda na yankin ya ba da rahoto, ya nemi a ba shi shaidar rahoton a rubuce. Na san abin da za ka ce, cewa kayan ba za su dawo ba. Wataƙila haka ne. Amfanin takardar yana gaba, musamman idan ta bayyana an ɗauki wani abu da ya shafi mallakar gidan. Ya kuma biya ta wurin mai unguwa da 'yan sintirin layin ya sanar da su, ya gaisa da maƙwabta na dama da hagu, ya bar musu lambarsa.

Sai aikin kansa, a fara da ƙofa. Tunda an zare wayoyin gidan, ba wutar da mai walda zai jona, don haka a nemo mai injin walda na janareta, a faɗa masa tun a waya don kada ya zo hannu rabbana a ɓata rabin yini. Ƙofar kicin da aka ɓalle ba a buƙatar ta buɗu a yanzu. A mayar da ita mazauninta, a gitta mata ƙarfe biyu ko uku daga ciki, a liƙe su da firam, ta zama bango har ranar gyara. Gida ya koma yana da mashiga ɗaya tak. Ita wannan mashigar a sake mata makulli ko da ba a taɓa ta ba, domin mutane kan rataye makullan ajiya a ƙusa cikin gida, kuma ba ka san ko an tafi da su ba. Mai walda ya yi wa kwaɗon ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe wuyansa, yadda almakashin yanka ƙarfe ba zai samu wurin kamawa ba. Ya duba firam ɗin kuma. Sau da yawa ƙofar lafiyarta ƙalau, simintin da ke riƙe da firam ne ya saki, irin wannan ko yaro ya jijjiga ta sai ta biyo shi.

Taga ita ce inda aka fi yin aikin banza. Abin da aka saba shi ne a ɗauko fallen kwano ko guntun katako a buga da ƙusa daga waje. Ƙusa ba ta kama bulo da kyau, kuma duk abin da aka buga daga waje, daga waje ake cire shi, da bayan guduma, cikin ɗan lokaci. Ga yadda za ka ce a yi. A sayo filawud mai kauri, milimita 18 idan an samu, kada ya gaza 12. Fallensa ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, yakan isa taga biyu matsakaita. A yanka shi ya ɗara bakin tagar ta kowane gefe, a ɗora daga waje. Daga ciki a gitta katako biyu masu ƙwari, irin na rufi, waɗanda tsawonsu ya wuce faɗin tagar har suka hau bango dama da hagu. Sai a huda, a zura dogayen kusoshi masu noti tun daga filawud ɗin har su fito ta katakon ciki, kan kusar mai santsi yana waje inda sifana ba za ta kama shi ba, notin yana ciki a ɗaure tam. Filawud da katako sun matse bango a tsakaninsu ke nan, ba mai kwance su sai wanda ke cikin ɗaki. Idan ƙarafunan tagar suna nan ba a yanke su ba, aikin ya fi sauƙi: mai walda ya liƙa fallen ƙarfe a jikinsu, an gama.

Katako dai na makonni ne. Ruwan Yuli da Agusta zai kumbura shi, gara kuma ba ta jiran gayyata. A shafa masa fenti ko baƙin mai tun ranar. Idan ka san za a yi watanni kafin a yi gyara, ni na fi son a kira magini ya toshe tagogin bayan da bulo, ya sa siminti kaɗan yadda za a iya rushewa ba tare da an ji wa bango ciwo ba, ya bar 'yan ƙananan kafofi a sama da raga a jikinsu. Ɗakin da aka liƙe ruf a damina fumfuna yake yi, idan zafin Afrilu ya zo kuma, da yakan haura digiri 40 a Sakkwato, sai silin da ƙofofin katako su fara bajewa. Leda da tamfol ruwa kawai suke tarewa.

Wani ya hau sama ya duba rufin. Iskar da ta iya fizge taga da wuya ta bar kwano yadda ta same shi, kuma fallen da ya ɗaga yau, iska ta gaba za ta tafi da shi. A kashe wuta daga wajen mita, mai gyaran wuta ya naɗe bakin wayoyin da aka yanke kafin yaran unguwa su leƙa. Idan an cire mitar, a kai rahoto ofishin Kaduna Electric, su ke ba Sakkwato wuta. Abin da ya rage mai daraja, farantan sola, injin jan ruwa, inbata, a kwance a kai gidan Baba, a rubuta su a takarda Kawu ya gani.

Kan kuɗi, ka aika na kayan aiki da rabin ladan masu aiki, ragowar sai ka ga aikin ta kiran bidiyo, ƙanenka yana jijjiga kowace taga kana kallo. Ka ce ya riƙa ɗaukar hoton rasit. Wasu suna jin nauyin neman haka daga ɗan'uwa, suna ganin kamar zargi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma ga muminai aka yi umarnin. Na ga zumunci da yawa da ya lalace tsakanin na waje da na gida a kan kuɗin gini da ba wanda ya rubuta. Ka kuma ware wa ƙanenka na mai da na wahalarsa, ka faɗa masa nasa ne, yininsa ya bari ya tsaya maka.

Yanzu tambayar da ta fi damuna, wadda ba ka taɓo ba: ina takardun gidan? Idan suna hannunka ko a akwatin Baba, alhamdu lillahi, ka sa a ɗauki hotonsu ka adana. Idan kuwa a gidan aka bar su kuma ba a gan su ba, wannan ya fi batira muhimmanci nesa ba kusa ba. A sa ɓatan su cikin rahoton 'yan sanda, a yi takardar rantsuwa a babbar kotu, a buga sanarwa a jarida, sannan lauya ya rubuta wa ma'aikatar filaye ta jiha yana sanar da ita, yana neman kwafin da aka tabbatar. Dokar filaye ta 1978 ta ce ba a mayar da mallakar fili mai shaidar gwamnati ga wani sai da amincewar gwamna, don haka wanda ya saci takarda bai zama mai gida ba. Amma yana iya yaudarar mai saye ya karɓi kuɗi, kai kuma ka dawo ka tarar da shari'ar shekaru.

Don ƙanenka ya iya tsaya maka a ofisoshi, ka ba shi takardar wakilci. Lauya a Sakkwato ya rubuta ta, ya turo maka, ka kai ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke nan Jidda ka nemi a shaida sa hannunka, ka mayar. Ka karanta ta kalma bayan kalma. Ta ce ya kula da gida, ya yi gyara, ya ba da haya, ya wakilce ka gaban hukuma, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba ta ba shi ikon sayarwa ko jinginarwa ba, da ranar da za ta ƙare. Wannan kariya ce gare shi ma, ranar da wani a dangi zai matsa masa.

Zuwanka gida kuwa, ka bar shi ya zo a kan tsari. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci hutun kwana 21 a shekara da albashinsa, ya koma 30 bayan shekara 5 a wuri ɗaya. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar gwamnatin Saudiyya mai suna Absher, ko da yake sauyin bai haɗa da direbobin gida da masu aikin gida ba, su har yanzu sai ta hannun kafili, wato wanda ya ɗauke su aiki. Ka tabbata igamarka, wato takardar izinin zamanka, tana da sauran kwanaki da suka wuce ranar dawowarka. Kada ka fita cikin fushi ko gaggawa ka bar aikinka a rataye, da wannan albashin za a sayi sababbin tagogin.

In ka zo, ko ma kafin ka zo, ka yanke shawarar wanda zai kwana a gidan. Taga da aka toshe da katako tana sanar da duk mai wucewa cewa ba kowa, shi ya sa ba na son ta daɗe. Sakkwato gari ne na ma'aikata da ɗalibai, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga asibitin koyarwa, ba za ka rasa mai iyali da zai kama ɓangare ɗaya ba, da yarjejeniya a rubuce da shaidar mai unguwa, ka kulle ɗaki ɗaya don kayanka. Idan ba ka son haya, ka sa mai gadi da albashi tsayayye a ɗakin ƙofa, wanda wani sananne ya tsaya masa. Akwai kuma hanya ta uku da na ga ba ka ambata ba, wato maiɗakinka da yara su tare, ƙanenka ya riƙa kwana a ɗakin zaure. Wannan magana ce da za ka fara kai wa Baba, ka kuma ji ta bakin ita maiɗakin kafin ka yanke, tunda ita za ta zauna a gidan da aka taɓa fasawa.