Lambar cutar tunjere da ta kai ga hanta

Malama, kin ce kamfanin inshora na Amurka ya maido da takardar biyan kuɗin majinyacin da tsohuwar tunjere ta kama masa hanta, alhali kin sa lambar cuta A52.7. Matsalar a lambar take. A52.7 cikakkiya ce a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma Amurka tun 1 ga Oktoba 2015 take aiki da nata kundin lambobin cututtuka mai suna ICD-10-CM, kuma a can kan rukuni ce kawai, ba a biya da ita. Sa A52.74, wadda ta ƙunshi hanta da sauran kayan ciki. Ƙoda A52.75 ce, huhu A52.72.

Amma ki sake duba rubutun likita tukuna. In kumburin hantar na tunjere a mataki na biyu ne, ba tsohuwa ba, lambarsa A51.45. In kuma cutar ta taɓa babbar jijiyar jini ta zuciya, rukunin A52.0 za ki koma.

Kada ki guje wa wahala ki sa A52.9, lambar tsohuwar tunjere da ba a fayyace ba, alhali an ambaci hanta. Sakamakon gwajin jini kaɗai ma bai isa hujja ba. Sai likita ya rubuta cewa tunjeren ce ta jawo ciwon. In bai rubuta ba, aika masa tambaya kafin ki sake turawa.