Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Spack zai raba ni da wahalar girka WRF?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina aiki ina gajiya. Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni, ina master kan yanayi, malamina ya ce in koyi WRF in gwada hasashen ruwan damina da shi, to wallahi ko girka shi a kwamfuta ya gagare ni. In na gyara NetCDF sai HDF5 ya ƙi, in na gyara HDF5 sai MPI ya ce bai san zancen ba, kuma injin labo ɗinmu ba a ba mu ikon admin ba. Wani abokina ya ce in nemi Spack. Gaskiya ne zai yi min magani, ko dai kayan manyan kwamfutocin Turawa ne kawai? Daga ɗalibinka na Harobanda, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da fama. Abokinka bai ɓatar da kai ba, Spack, wato manhajar da ke ginawa da girka wasu manhajoji, zai rage maka wahala sosai, amma bari in fara gaya maka abin da ke cizonka, don in ba ka gane shi ba ko Spack ɗin ma zai ba ka haushi.

WRF, manhajar hasashen yanayi, yawancinsa da yaren kwamfuta na Fortran aka rubuta shi, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, yana kan NetCDF, NetCDF yana kan HDF5 (duka biyun na ajiye bayanai ne), HDF5 yana kan zlib mai matse bayanai, in kana son aikin ya rarrabu kan kawunan injin da yawa kuma sai an sa MPI. Matsalar ita ce duk waɗannan sai an gina su da kompaila ɗaya, wato manhajar da ke juya kod ya zama abin da inji ke iya gudanarwa. Fayilolin .mod da gfortran, kompailar Fortran ta GCC, ke fitarwa kompailar Intel ba ta karanta su, wani lokaci ma tsakanin gfortran tsoho da sabo ba a jituwa. Ga kuma wata da ta kada mutane da yawa: tun daga GCC 10 da ya fito a 2020, wani kuskure na tsofaffin kod ɗin Fortran da a da ake kau da kai gare shi ya zama abin da ke tsayar da gini cak, sai ka ƙara -fallow-argument-mismatch. To kai ka ɗauko NetCDF daga apt, mai girka manhajoji na Linux irin Ubuntu, ka gina HDF5 da hannu ta bin wani bidiyo na shekarun baya, MPI kuma wanda ka tarar a injin, yaya za su zauna lafiya?

Wannan ciwon kan ne ya haifi Spack. Todd Gamblin ne ya fara shi a 2013 a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Kalifoniya a Amurka, inda masana ke buƙatar manhaja ɗaya a gina ta da kompaila iri-iri da MPI iri-iri a kan inji guda. Da Python aka rubuta shi, kod ɗinsa a buɗe yake a GitHub, ko dala ba ka biya, kuma yana da girke-girken manhajoji sama da 8,000, WRF na ciki. Siga ta 1.0 ta fito a Yulin 2025. Shirin da Amurka ta yi na tanadar wa injuna irin su Frontier manhaja, wato babbar kwamfutar cibiyar Oak Ridge da a 2022 ya fara haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, da Spack ya rarraba kayansa, haka ma babbar kwamfutar Fugaku ta Japan da shi suke ba masu bincike manhajoji. Amma kar wannan ya tsorata ka, yana tashi a kan laptop mai Linux lafiya lau.

Bambancinsa da apt kamar rigar da aka riga aka ɗinke ce a Babbar Kasuwa da wadda tela ya auna ka ya yanka. Apt siga ɗaya yake ba ka, wadda aka gina don ta shiga kowane inji. Spack kuwa kai ke faɗin abin da kake so, misali ka rubuta spack install hdf5 +fortran +mpi ^openmpi, ma'ana HDF5 mai Fortran, mai MPI, kuma MPI ɗin OpenMPI nake so ba MPICH ba. Alamar @ ta siga ce, % kuma ta kompaila. Sauran abin da ba ka faɗa ba shi zai zauna ya lissafo wanda ya dace da wanne, da wani injin warware sharuɗɗa mai suna clingo, sannan ya gina komai daidai da irin prosesan injinka.

Inda ya fi burge ni shi ne kowane gini folda tasa yake samu, da wata doguwar lambar shaida a ƙarshen sunanta wadda aka ciro daga siga da kompaila da duk abin da aka jingina shi a kai. Saboda haka HDF5 kala uku za su zauna a inji ɗaya babu mai taka wani, kuma kowace manhaja an rubuta mata a cikinta hanyar da za ta bi ta sami nata, ba sai ka yi ta wasa da LD_LIBRARY_PATH kana addu'a ba. Admin kuma ba ka buƙatarsa, a cikin foldarka komai ke zama. Sai dai ladabi ne ka gaya wa mai kula da injin labo, don abin na cin wuri.

Ga yadda zan ba ka shawara ka bi. Ka sauko da shi da git, ka loda setup-env.sh da ke cikin share/spack, ka buga spack compiler find, ka tabbata ya ga gfortran, don mutane da yawa gcc kawai gare su babu na Fortran, nan ake fara faɗuwa. Sannan spack external find don ya gane abubuwan da injin ke da su irin cmake da perl kar ya sake gina su a banza. Kafin ka ce install, ka fara buga spack spec wrf ka karanta jerin abin da zai gina, ka ga ko ya yi maka. In laptop ɗinka RAM 8 giga ne ka sa -j 2 don ya yi aiki da kawuna biyu kawai, WRF na shan memori wajen gini, in ka sake masa duka kawunan zai iya daskarar da injin. Kuma ka yi aikinka cikin spack env, zai ajiye maka spack.yaml da spack.lock, ranar da malaminka ko wani a cibiyoyin yanayi na AGRHYMET ko ACMAD ya ce da wace siga ka samu wannan sakamako, fayilolin nan kawai za ka miƙa masa.

Kar dai ka zaci Play Store ne. Gini na iya cin awanni, wani lokaci ya faɗi a tsakiya, dole ka koyi buɗe fayil ɗin log ka nemo layin kuskure na farko, ba na ƙarshe ba. Kuma Spack girkawa kawai zai yi maka, namelist, wato fayil ɗin saitin WRF, da zaɓen tsarin gajimare da ya dace da Sahel wannan tsakaninka da malaminka ne.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Mu nan Tawa rezo sai a hankali, kuran ma yana zuwa yana tafiya. Irin wannan abu zai yiwu gare mu kuwa? Daga wata malamar lissafi, Tahoua.

AMSA: Malama barka kadai, zai yiwu. Ki sa wani mai intanet mai ƙarfi ya buga spack mirror create tare da -D, zai tattaro kod ɗin manhajar da duk abin da take jingina a kai cikin folda ɗaya, a zuba a kile USB a ba direban mota ya kawo miki, ke kuma ki nuna wa Spack foldar da spack mirror add. Sai dai tashin farko yana son intanet ko da kaɗan, don ya sauko da clingo da kundin girke-girkensa, wanda tun siga ta 1.0 aka raba shi daban, to wannan ki yi shi lokacin da rezo ya ɗan saki. In kuma injunanku iri ɗaya ne, mutum ɗaya ya gina ya yi spack buildcache push, sauran su kwashi gininnen kawai.

Batun kuran kuwa da sauƙi, duk abin da ya gama ginuwa ya zauna ke nan, in wuta ta ɗauke wanda ake tsakiyarsa kaɗai za a sake, ki maimaita umarnin zai ci gaba daga nan. Amma in lissafi ne na aji da Python da NumPy kike so, kar ki wahalar da kanki, pip ko conda, masu girka kayan Python, sun ishe ki.