Amsa ga wadda za a kai ƙaninta kotu ranar Litinin

'Yar'uwa, Allah Ya fitar da shi lafiya. Kin ce an kama ƙaninki da wayar da ya saya a kasuwa, ashe ta sata ce, kwanansa huɗu a hannun 'yan sanda, Litinin za a kai shi gaban majistare, kina son sanin abin da zai tarar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar kotu yana jiran a kira sunan nasa ya san wannan faɗuwar gaban da kike ciki.

Ki je wurinsa yau, ki gaya masa kada ya amsa laifi don wani ya ce masa "ka amsa kawai, tara ce za a ci ka, ka tafi gida." Maganar nan ta kai yara da yawa gidan yari. Wanda ya faɗa masa ba shi ne alƙali ba, kuma ba zai tsaya ba a lokacin da ake yanke hukunci. Shi so yake fayil ya bar kan teburinsa. Da zarar an karanta takardar tuhuma, wadda ake kira FIR, yaro ya ce haka ne, alƙali na iya kama shi da laifi nan take, a ranar, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Ko tarar ce, sunansa ya shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa hukuntawa. A laifin karɓar kayan sata kuwa, sai mai gabatar da ƙara ya nuna ya san na sata ne, ko akwai dalilin da zai sa ya sani. Samun wayar a aljihunsa kaɗai bai gama magana ba. Ku nemo rasit, ko saƙon tura kuɗi ta banki, da wanda ke wurin lokacin ciniki, ku kai wa lauya.

Ranar, da sassafe za a kawo su, wani lokaci da ankwa, a zuba su a ɗakin ajiya na kotu, ba wanka, cikin kayan da aka kama su da shi. Ki tafi da riga mai tsabta da abinci da ruwa. Idan an kira lambar shari'arsa zai shiga akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa, magatakarda ya karanta tuhuma, a tambaye shi ko ya gane. In da Turanci aka karanta kuma bai gane ba, ya ce bai gane ba, kada ya gyaɗa kai don kunya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi tafinta kyauta. Sai a tambaye shi ya amsa ko ya musanta. Ya ce ya musanta, ya yi shiru. Ba ranar ba da labari ba ce, duk abin da ya faɗa ana rubutawa.

Sai beli, kuma a nan iyalai ke faɗuwa. Alƙali ya ce ya ba da beli a kan naira dubu kaza da mutum biyu masu tsayawa, sai dangi su bazama neman bashi. Yawanci wannan adadin ba kuɗin ajiyewa ba ne, alkawari ne cewa in yaron ya gudu mai tsayawa zai biya. Abin da ake buƙata mutane ne a wurin, tun safe, da katin shaida da hotuna biyu-biyu da adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa, su kuma cika takardar rantsuwa. Wani alƙalin zai nemi ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza, wani takardar mai unguwa, wani takardar fili. Idan aka ce miki mace ba ta tsayawa, ki sa lauya ya yi magana: dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ƙi mutum saboda mace ce. Jihohi ma suna da tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ya duba ta jiharku.

Abin da ya fi komai ciwo shi ne a ba da belin, a yi murna, sannan takardu su ƙi kammaluwa kafin alƙali ya tashi. Mai tsayawa ɗaya ya kashe waya, ko mai duba adireshi bai dawo ba. La'asar na yi motar gidan yari ta juyo baya zuwa bakin ƙofa, a kira sunaye, kina tsaye da ledar abinci a hannu a tura shi ciki, yana leƙo ki ta ragar ƙarfe, uwa tana gefe tana salati. Mutumin da kotu ta riga ta ba beli, ga shi za a aske masa kai ya kwana cikin cunkoso. In ranar Juma'a ce, sai Litinin. Kuma da ya shiga can aikin ya ƙaru, sai alƙali ya sa hannu a takardar saki an kai musu kafin su buɗe ƙofa. Wallahi wannan yammacin ba ya fita daga ran mutum.

A wannan lokacin ne wasu za su kewaye ki. Masu tsayuwar haya, da masu cewa sun san alƙali, ki kawo kaza a gama yau. Suna karanta fuskar mai neman mafita, su san nawa za su tatsa. Mai tsayuwar haya adireshinsa na bogi ne, ranar da aka gano a soke belin, kuɗinki kuma ya tafi. Allah Ya isa ga masu cin abinci da hawayen mutane. Duk kuɗin da za ki biya a kotu, ki karɓi rasit. In babu halin ɗaukar lauya, ki nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa a babban birnin jiharku, aikinsu ne kare marasa ƙarfi kyauta.

Ki kuma tambaye shi a natse abin da ya sa wa hannu a ofishin 'yan sanda. In an doke shi kafin ya sa hannu, lauya ya sani tun yanzu, domin lokacin da ake miƙa takardar a kotu ne ake ƙalubalantarta, a yi ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kan yadda aka same ta. In an wuce wurin, gyara na da wuya. Kwana huɗun nan ma ya zarce ƙa'ida: sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai mutum gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, biyu in babu.

Ki dubi takardar tuhumar da kyau, kada a ce an haɗa shi da fashi da makami. In an yi haka majistare ba shi da hurumi, ajiye shi kawai zai yi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, kuma a wannan jiran ne mutane ke shafe watanni. Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan masu jiran shari'a ne.

Bayan ya fito, ɗage zama zai gajiyar da ku: yau shaida bai zo ba, gobe alƙali ya tafi taro. Duk da haka kada ya tsallake rana ko ɗaya, ko da zazzaɓi, sai da takardar asibiti a hannun lauya. Rashin zuwa ɗaya na jawo sammacin kamu, mai tsayawa ma ya shiga uku. Ku rubuta kowace rana a littafi kafin ku bar kotu. In mai wayar yana son kayansa ne kawai, manya su zauna da shi, amma a kawo sulhun gaban alƙali ya rubuta. In kuma abin ya kai ga an same shi da laifi, za a ba shi damar roƙon sassauci kafin hukunci: ya faɗi cewa karon farko ne, da waɗanda yake ciyarwa, da kwanakin da ya yi a tsare, lauya ya roƙi zaɓin tara. Ku zo da kuɗin a ranar, don kada motar nan ta tafi da shi saboda tarar da ba a biya ba kafin a rufe ofis.