Ɗakin da ruwan sama ke kauce wa mutum: gaske ne ko haɗin bidiyo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo, mutane na yawo cikin wani ɗaki ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya amma ba sa jiƙa. Ƙawata ta ce edita ne ya haɗa. Gaske ne? Kuma me ya haɗa wannan da fasahar zane?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaske ne wallahi, ba haɗi ba ne. Sunansa Rain Room, wata ƙungiyar masu fasaha Random International ce ta yi shi, aka fara nuna shi a cibiyar fasaha ta Barbican da ke Landan a 2012, shekara ta zagayo aka kai shi MoMA, gidan adana kayan fasahar zamani a New York, mutane suka riƙa bin layi na sa'o'i, sannan tun 2018 akwai na dindindin a birnin Sharjah da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ga yadda abin yake. Akwai kyamarori masu auna nisa da ke bibiyar inda jikin mutum yake, rufin kuma cike yake da ƙananan famfuna masu buɗewa da rufewa da lantarki, kwamfuta na tsakani, da ta gano inda kike sai ta rufe famfunan da ke saman kanki kawai ta bar sauran na zuba, kina matsawa ta buɗe na baya ta rufe na gaba, haka dai ba tsayawa. Ruwan kuma ta ƙasa yake zurarewa a tace shi ya koma sama.

Amma in kika ruga da gudu sai kin jiƙe. Ɗigon da ya riga ya baro rufi ba mai iya mai da shi, yana kan hanya, shi ya sa ake ce wa masu shiga su taka a hankali. Ni a nan nake ganin fasahar take, ba a ruwan ba. Ɗakin na sa ki rage sauri, ki miƙa hannu ki gwada, ki yarda da shi kaɗan kaɗan. Zanen da ke rataye a bango ko kina nan ko ba kya nan shi ke nan, an gama shi. Wannan kuwa in ba kowa a ciki famfo ne kawai ke zuba. Kin san yadda mai kalangu ke kallon ƙafar mai rawa yana sauya kiɗa, ita ma tana bin sa? To irin wannan amsa-kuwwar ce, sai dai makaɗin nan kwamfuta ne.

Kuma abin ba yau ya fara ba, tun shekarun 1970 wani mai fasahar kwamfuta, Myron Krueger, a Amurka yake sa inuwar mutum ta yi wasa da zane a kan allo.

In sha'awar yin irin wannan ta kama ki, ba sai da ruwa da famfo ba. Akwai p5.js, wani kayan aiki na yin zane ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, kyauta ne, a burauza ake rubuta shi, ki fara da da'ira ɗaya mai bin linzamin kwamfuta, daga nan ki sa ta riƙa girma in kin yi magana a makirfo. Abin da za ki fi sa wa ido shi ne jinkiri, in kika motsa sai bayan rabin daƙiƙa zanen ya amsa, duk wanda kika ba ya gwada zai ce miki abin nan ya lalace.